Rabin 'Yan Tsakin Zakaru Ne: Lissafin da Masu Rabon Tallafin Kaji Ke Tsallakewa

A garin Dukku na ƙaramar hukumar Rijau, cikin masarautar Kontagora a Jihar Neja, kaza ita ce asusun mace. Da ita ake sayen maganin zazzaɓin yaro, da ita ake biyan kuɗin littafin makaranta, ita ake kamawa idan baƙo ya sauka da magariba. Tun da 'yan bindiga suka mayar da mallakar shanu abin fargaba a yankunan Rijau da Mariga da Magama, darajar kaji ta ƙaru a idon talaka, domin dukiya ce da ba ta jan idon ɓarawon daji kamar garken shanu, kuma ana iya sa ta a kwando a gudu da ita. Wannan ne ya sa rabon 'yan tsaki ya zama abin so ga masu tsara shirye-shiryen tallafi, daga ma'aikatun tarayya har ofisoshin 'yan majalisa. Abu ne mai araha, mai saurin rabawa, mai kyau a hoto.

Sai dai akwai wani lissafi da kusan kullum ake tsallakewa a takardun irin waɗannan shirye-shirye. Idan aka miƙa wa mace 'yan tsaki ashirin da ba a tantance jinsinsu ba, kusan goma daga cikinsu zakaru ne. Takardar Abuja tana ƙirga su a matsayin kaji ashirin masu ƙwai. Bayan wata biyar, abin da ke tsakar gidan matar shi ne zakaru goma suna cara suna faɗa, da kaji goma masu figaggen baya suna ɓuya a ƙarƙashin rumbu. Shirin da bai yi tanadin yadda za a yi da waɗannan zakaru goma ba ya bar rabin aikinsa a hanya, kuma matar da aka ce an tallafa ita ce za ta biya kuɗin wannan mantuwa da hatsin rumbunta.

Abin da halittar kaza ta tanada

Ƙwai yakan ƙyanƙyashe bayan kwana 21 na kwanci, kuma a jimlace rabin abin da ke fitowa maza ne, rabi mata. A wajen tsuntsaye, ƙwan uwa ne ke ɗauke da abin da ke yanke jinsin ɗan tsako, saɓanin yadda yake a wajen ɗan Adam. Babu wata dabarar zaɓen ƙwai mai tsini ko mai zagaye da ke sauya wannan rabo, duk da yadda maganar ta yaɗu a ƙauyuka. To amma garken kaji ba ya buƙatar maza daidai da mata. Masana kiwo sun daɗe da daidaita cewa zakara ɗaya lafiyayye ya ishi kaji takwas zuwa goma. Kaza kuma tana ajiye maniyyin zakara a jikinta, ta ci gaba da saka ƙwai mai ɗa har kusan mako biyu bayan barbara ɗaya. Gidan da ke da kaji goma, ke nan, zakara ɗaya yake buƙata, ko biyu idan ana tsoron a rasa ɗayan.

Idan zakaru suka wuce wannan adadi, kajin ne ke fara shan wahala. Zakara yakan kama gashin ƙeyar kaza da baki, ya taka bayanta da farata. In aka maimaita haka sau da yawa a yini daga zakaru daban-daban, gashin baya da na wuya ya zube, fata ta tsage, ƙuda ya sami wurin sauka. Kazar da ake kora daga safe zuwa yamma ba ta samun natsuwar cin abinci, sai ta rame, ƙwanta ya ragu ko ya tsaya. Wani abin mamaki shi ne yawan zakaru yakan rage ƙwai mai ɗa, domin da zarar ɗaya ya hau kaza sai wani ya bangaje shi kafin a kammala. Mai gida ya ga zakaru birjik a tsakar gidansa, amma a sa wa kaza ƙwai goma sha biyu ta ƙyanƙyashe biyar.

Faɗan da ke tsakanin zakarun ma yana da tsari. Wani masanin dabbobi ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana a farkon shekarun 1920 cewa kaji suna zama ne bisa matakan girma: akwai mai saran kowa ba a sare shi, akwai na ƙasa da kowa ke sara. A 2015 masu bincike a Jami'ar Nagoya ta Japan suka nuna cewa zakaran da ke saman wannan tsani shi ke fara cara da asuba, sauran su biyo baya gwargwadon matsayinsu. Muddin kowa ya san matsayinsa kuma akwai filin da na ƙasa zai kauce, ana zaman lafiya. Rikici yana tasowa ne idan samarin zakaru da yawa suka balaga lokaci guda a wuri mai ƙunci, kowanne yana ganin shi ya cancanci cara ta farko. Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin da aka naɗa wa shugabanni biyu ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Abin da zakaran banza ke ci

Kazar da ta girma, idan an killace ta, tana cin kimanin giram 100 na abinci a rana. Wato kilo 3 ke nan a wata. Zakaru biyar da ba a buƙata za su ci kilo 15 a wata, su ci kilo 90 a wata shida, abin da ya kusa cika buhun masara. Kajin gida masu yawo suna rage wannan nauyi da gara da tsutsa da ciyawa, amma abin da ke tsakar gida da bayan gari ƙayyadadde ne, musamman da rani. Kowace ƙwayar dawa da zakara na biyar ya tsinta, an ɗauke ta ne daga bakin kaza mai ƙwai ko ɗan tsakon da ke fafutukar tsallake watansa na farko. Zakara kuma ya fi ƙarfi a wajen kasko, shi zai fara ci ya bar saura.

Akwai kuma lokacin da zakara ke daina ƙara nama. Bayan ya kai girmansa, abin da yake ci yana tafiya ne a cara da faɗa da bin kaji, namansa kuma yana ƙara tauri. Daga wannan lokaci duk kwanan da ya ƙara a gida asara ce, sai fa idan ana jiran wata kasuwa da farashinta zai rufe kuɗin abincin.

Dalilin da ya sa ake riƙe su

Mai kallon lamarin daga nesa zai iya cewa jahilci ne ke sa matan karkara tara zakaru. Wannan hukunci ne na wanda bai zauna da su ba. Matar Dukku ta san zakaru biyar sun yi wa kajinta yawa. Tana riƙe su ne saboda zakara kuɗi ne a tsaye, wanda ba ya narkewa kamar takardar naira a ƙarƙashin katifa. Tana jiran Sallah ko Kirsimeti, lokacin da farashi ke tashi, kuma a yanki irin na Rijau, inda Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, duka lokutan biyu suna da amfani. Tana tanadin ranar suna ko zuwan surukai. Tana kuma tsoron annoba: wadda ta taɓa wayar gari ta tarar da akurkinta a share ba za ta yarda ta dogara da zakara ɗaya ba. Ga shi zakara yana da aikin gadi, domin shi ke fara hango shaho ya yi kururuwa kaji su ɓuya da 'ya'yansu.

Waɗannan dalilai ne masu ƙarfi, kuma duk shawarar da ta yi watsi da su ba za ta karɓu ba. Abin da suke nunawa shi ne matsalar yawan zakaru tana da rassa uku: rashin kasuwa mai tabbas, rashin rigakafi, da rashin wurin ware su. Idan kai zakara kasuwar Rijau ko Tungan Magajiya ko Kontagora yana nufin kuɗin mota mai cinye ribar, ko bin hanyar da ba a da tabbacin dawowa lafiya, dole ya zauna a gida. Idan ba a zuwa da allura ko ɗigon rigakafi, dole a ajiye na ko-ta-kwana.

Akwai wata al'ada, duk da haka, da ke cutar da garke a ɓoye. Idan buƙatar kuɗi ta taso, babban zakara ake kamawa, domin shi ya fi tsada. Idan baƙo mai daraja ya zo, shi ake yankawa. Wanda ke saura ya yi barbara shi ne ƙaramin da ba wanda ya so. Shekara bayan shekara ana sayar da mafi kyau ana barin mafi rauni ya haifi na gaba, sannan a yi mamakin yadda kajin gida ke ƙara ƙanƙancewa. Idan kuma zakara ɗaya ya daɗe yana hawan 'ya'yansa da jikokinsa, ƙyanƙyasa takan ragu, 'yan tsaki su riƙa fitowa da rauni. Makiyayin shanu ba ya sayar da bijimin da ya fi kyau ya bar gurgu a garke. Wannan hikima ce ta gida, ba a dai saba kai ta akurki ba.

Darasin da aka riga aka biya kuɗinsa

Gwamnatoci a Afirka, ciki har da Najeriya, sun taɓa gwada gyara kajin karkara ta hanyar musayar zakaru. Ana kai zakarun turawa, irin su Rhode Island Red, a ba manomi ya bayar da na gida. Yawancin waɗannan shirye-shirye ba su yi ƙarko ba, kuma dalilan sanannu ne ga masu nazarin kiwon kaji. Ba a iya kwashe zakarun gida duka daga ƙauye ba, waɗanda suka rage kuwa sun fi baƙin iya faɗa da sanin gari, sai suka hana su kusantar kaji. Baƙin da yawa sun mutu da cuta, ko muzuru ya yi gaba da su, ko tukunya ta karɓe su saboda girmansu. Inda aka sami haɗin jini kuma, 'ya'yan sukan rage son kwanci, alhali kwancin kaza shi ne injin ƙyanƙyasar ƙauye. Shirin da aka gina kacokan a kan zakara ya faɗi ne saboda ba a lissafa halin zakara ba.

Yau akwai nau'o'in da aka samar a cikin gida. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar da ShikaBrown mai ƙwai. Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Abeokuta ta samar da FUNAAB Alpha ƙarƙashin jagorancin Farfesa Olufunmilayo Adebambo. Kamfanin Amo da ke Awe a Jihar Oyo ya fito da Noiler, wadda ta cika kasuwannin Arewa kuma ita aka fi rabawa a matsayin tallafi. An gwada irin waɗannan nau'o'i a gidajen manoma ƙarƙashin wani shiri na cibiyar binciken dabbobi ta duniya, ILRI, kuma Jihar Kebbi, wadda ke maƙwabtaka da Rijau, tana cikin jihohin da aka yi gwajin. Noiler da FUNAAB Alpha an tsara su ne don nama da ƙwai a haɗe: a sayar da mazan bayan wata uku zuwa huɗu idan sun sami abinci, a bar matan su yi ƙwai. Amfanin nau'in gaba ɗaya ya rataya ne a kan a fitar da zakarun a kan lokaci. Wannan jumla ɗaya ita ce ba a cika faɗa wa matar da aka miƙa wa kwali ba.

A Turai matsalar ta ɗauki wata siffa. Kamfanonin ƙwai na duniya suna kashe biliyoyin 'yan tsaki maza kowace shekara a ranar da aka ƙyanƙyashe su, domin ba sa ƙwai kuma ba sa saurin yin nama. Jamus ta haramta wannan daga 1 ga Janairun 2022, Faransa ta bi sahu, kuma yanzu kamfanoni na kashe kuɗi mai yawa a kan na'urorin gane jinsi tun ɗan tsako yana cikin ƙwai. Najeriya tana da abin da waɗancan ƙasashe suka rasa, wato jama'ar da ke son naman zakara, har suna fifita shi a miya da farfesu a kan kazar gidan gona mai laushi. Abin da Bajamushe ke neman hanyar rabuwa da shi, a kasuwar Wuse kuɗi ne. Abin da ya rage shi ne a haɗa akurkin Dukku da wannan kasuwa.

Zakara mai kai wa mutane hari

Daban da faɗan zakaru a junansu, akwai wanda ke mayar da faɗansa kan mutanen gida. Alamunsa a bayyane suke: ya sauke fiffike ɗaya yana tafiya a karkace, ya tayar da gashin wuya, ya bi mutum ta baya. Makaminsa shi ne ƙaimi, wannan tsinin da ke bayan ƙafarsa, wanda yake ƙara tsawo da kaifi da shekaru. Ga babba, abin ba ya wuce rauni a ƙwauri. Ga yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya, wanda fuskarsa ke daidai da tsallen zakara, ana maganar ido ne. Raunin ƙaimi yana da zurfi kuma yana ɗauke da dattin ƙasa, don haka yana buƙatar a wanke shi da ruwa da sabulu nan take, a kai yaron asibiti a duba batun allurar rigakafin sandarewar jiki.

Dukan zakara da sanda ko harbinsa da ƙafa ba ya gyara shi. Yana tabbatar masa ne cewa mutum abokin karawa ne. Yaran da ke tsokanar sa suna gudu suna koya masa cewa hari yana korar abokin gaba. Saurayin zakara da ya fara gwada ƙarfinsa yakan natsu idan babba ya tsaya bai ja da baya ba, ya kama shi a hankali ya riƙe a hammata na ɗan lokaci. Ana iya rage tsinin ƙaimin da abin goge ƙarfe, a kiyaye kada a kai ga inda jini yake. Amma wanda ya kai wa yaro hari sau ɗaya ya gama zamansa a gidan, kuma bai kamata a bar shi ya yi iri ba, domin hali yana bin jini gwargwado. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Sayar da shi ga maƙwabci mai ƙananan yara ba tare da an faɗi halinsa ba kuwa cin amana ne.

Addini ya shata iyaka a nan. Malaman Musulunci sun hana haɗa dabbobi faɗa don nishaɗi, kuma sun yi umarni da kyautata yanka: a wasa wuƙa, kada a wahalar da abin yankan. Barin zakaru biyar a akurki mai ƙunci suna zubar wa juna da jini, mai gida yana kallo, bai yi nisa da abin da aka hana ba. Rage su da wuƙa mai kaifi ya fi tausayi a kan barin su a haka.

Abin da gida zai iya yi da kansa

Maganin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Daga wata biyu zuwa uku ana gane maza da girman zanko da kaurin ƙafa. A nan ne ya kamata a zaɓi wanda za a bari: mafi saurin girma, mai tsayayyun ƙafafu, wanda ke kiran kaji idan ya sami abinci maimakon ya kore su. Sauran a ware su a wani keji ko akurki daban, inda ba sa ganin kaji. Zakarun da suka tashi tare kuma babu mace a kusa sukan zauna da ɗan ƙaramin rikici, muddin akwai fili da kasko fiye da ɗaya. A ba su dusa da tsakin masara su yi nama, a sayar. Dandaƙar zakara tana sa shi ƙiba ya daina faɗa, kuma tsohuwar sana'a ce a Faransa da Sin, amma 'ya'yan marainansa a cikin ciki suke, don haka aiki ne na wanda aka horar, in ba haka ba a rasa tsuntsun.

Zakaran iri kuma a sauya shi duk shekara ɗaya ko biyu da wani daga gidan da ba su haɗa jini ba. Sabon da aka kawo a killace shi mako biyu kafin ya shiga cikin garke, domin ta wannan ƙofa cuta ta fi shigowa. Cutar Newcastle, wadda ita ce babbar mai kashe kajin karkara, ta fi tsananta da hunturu, daidai lokacin da ake yawan safarar kaji don bukukuwan ƙarshen shekara. Wanda ya tara zakaru yana jiran farashin Disamba ba tare da rigakafi ba yana caca ne da jarinsa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana samar da rigakafin wannan cuta, har da nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗiga wa kaza a ido kuma ake maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu. An tsara shi ne musamman don ƙauyukan da ba su da firiji. Da zarar mace ta tabbata kajinta ba za su mutu dare ɗaya ba, dalilinta na ajiye zakaru huɗu na ko-ta-kwana ya kau.

Ma'aikatan da ke kiwo a bayan gidajensu a Kubwa da Lugbe da Karu suna da nasu kason. Da yawa ba su san cewa kaza tana yin ƙwai ko babu zakara ba, amfaninsa kawai shi ne idan ana son ƙyanƙyasa. Wanda ƙwan karin kumallo yake nema ba shi da hujjar tashin maƙwabtansa da ƙarfe huɗu na asuba. A Faransa, shari'ar wani zakara mai suna Maurice a tsibirin Oleron ta kai kotu a 2019, maƙwabta suna ƙarar cararsa, kotu ta ba mai shi gaskiya, kuma a 2021 majalisar ƙasar ta yi dokar kare sautuka da ƙamshin karkara. Amma Maurice a karkara yake. Rukunin gidaje mai katanga ɗaya tsakanin taga da taga wani wuri ne daban, kuma haƙƙin maƙwabci ya fi cara nauyi.

Abin da ya rage wa masu riƙe da alƙalami

A Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, aka kuma naɗa Idi Mukhtar Maiha ministanta. Gwamnan Neja, Mohammed Umaru Bago, ya ɗauki noma a matsayin tutar gwamnatinsa. Mafi yawan muhawarar da ake yi a kan kiwo tana zagaye ne da shanu da burtali da wuraren kiwo, kuma hakan yana da dalili. Amma dabbar da ta fi shiga gidajen talakawa, kuma ta fi zama a hannun mata, ita ce kaza. Jami'in da ke rubuta takardar shirin rabon kaji, da hadimin ɗan majalisa da ke tsara aikin mazaɓa, suna iya gyara abubuwa huɗu ba tare da ƙarin kasafi mai yawa ba.

Na farko, takarda ta faɗi gaskiyar abin da ake rabawa. Idan 'yan tsakin ba a tantance su ba, a rubuta cewa rabi maza ne, a gina lissafin riba a kan haka. Na biyu, a raba waɗanda suka yi mako huɗu zuwa biyar a hannun mai raino kuma aka yi musu rigakafi, domin ɗan tsakon kwana ɗaya da babu uwa babu ɗumi ba ya daɗewa a tsakar gidan ƙauye. Na uku, a daidaita lokacin rabo da kalandar kasuwa, ta yadda zakarun za su kai sayarwa ana gab da Sallah ko Kirsimeti, a kuma haɗa matan gari cikin ƙungiya da ɗan kasuwar da zai zo da mota ya kwashe a rana ɗaya. Mota ɗaya mai ɗauke da zakaru ɗari biyu ta fi mata hamsin kowacce da kwandonta a kan hanyar Kontagora. Na huɗu, a ware wani kaso na kuɗin shirin don malamin gona ko ma'aikacin lafiyar dabbobi ya koma garin a wata na uku, lokacin ware zakaru, da ɗigon rigakafi a jakarsa, ya yi bayani da Hausa da harshen Dukkawa.

Za a ce wannan ƙaramin al'amari ne a ƙasar da ke fama da tsaro da tsadar rayuwa. Ƙanƙantarsa ce ta sa yake yiwuwa. Ba ya buƙatar sabuwar doka ko rancen ƙasashen waje, yana buƙatar wanda zai sa hannu a takarda ya tambayi abin da za a yi da mazan kafin ya sa. Ma'aunin da ake amfani da shi yanzu shi ne adadin 'yan tsakin da aka raba ranar bikin ƙaddamarwa, kuma wannan adadi ba ya nuna komai game da rayuwar wadda ta karɓa. Ma'aunin da ya dace shi ne a koma Dukku bayan wata shida a tambayi matar zakaru nawa ta sayar da nawa, kaji nawa ke yi mata ƙwai, da ko ta iya sayen wasu 'yan tsakin da kuɗinta. Ofishin da ya fara rubuta waɗannan tambayoyi uku a rahotonsa na ƙarshen shekara shi zai fara sanin ko kuɗin gwamnati ya zama jari a hannun mace, ko kuwa ya zama zakaru goma masu cinye mata hatsi.